Sallar Layya da Sojojinmu a Junaina

Da yammacin Talata, 2 ga Oktoba 2012, wasu 'yan bindiga suka yi wa ayarin sojojin Najeriya kwanton ɓauna a bakin garin Junaina, babban birnin jihar Darfur ta Yamma, kimanin kilomita 2 daga sansaninsu. Soja 4 suka rasu, 8 suka ji rauni. Kashegari gidajen rediyo suka ba da adadi babu suna, domin ƙa'ida ce sai an fara sanar da iyalan mamaci. Kafin sunayen su fito, duk gidan da ke da ɗa ko miji ko ƙane a Darfur zaman makoki ya yi babu gawa. Abin da ya sa na nemi izinin zuwa ke nan. Mu 'yan jarida mun saba ba da labarin sojan kiyaye zaman lafiya ranar da ya tafi da fareti, da ranar da aka dawo da shi cikin akwati. Watannin da ke tsakani, da mutanen da ke ɗauke da nauyinsu, ba mu cika tambaya ba.

Na bi ta Addis Ababa na sauka Khartum ana saura 'yan kwanaki babbar sallah. Mai zuwa Sudan a wancan lokaci da tsabar kuɗinsa yake zuwa, saboda takunkumin Amurka ya hana katin bankin waje aiki a ƙasar. Biza kuma ba ta kai mutum Darfur, sai an haɗa da wata takardar izini ta daban. Da takardu suka kammala, wani farin jirgi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kwashe mu tare da 'yan sanda da ma'aikatan agaji zuwa Fashir, kimanin kilomita 800 yamma da Khartum. Ba mu yi nisa ba koren bakin Nilu ya ɓace, sai jan rairayin Kurdufan iya ganinka.

A wancan lokaci a Fashir hedikwatar rundunar take. Sunanta UNAMID, ta haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka. Kwamitin Sulhu ne ya kafa ta da ƙuduri mai lamba 1769 a Yulin 2007, ta karɓi aiki a ranar ƙarshe ta wannan shekara daga hannun ƙaramar rundunar Tarayyar Afirka da ke wurin tun 2004. An amince mata da soja 19,555 ban da 'yan sanda, ga yankin da faɗinsa ya haura rabin Najeriya. Hannun mutanenmu a cikinta ba ƙarami ba ne. Janar Martin Luther Agwai ne kwamandanta na farko, Farfesa Ibrahim Gambari ya shugabance ta daga 2010 zuwa tsakiyar 2012, lokacin da na je kuma Aishatu Mindaoudou, tsohuwar ministar harkokin wajen Nijar, ke riƙon ƙwarya. Amma Fashir garin manya ne, na ofisoshi masu sanyi da taswira a bango. Kurtun da nake nema yana can yamma, don haka ban daɗe ba.

Daga sama, da tsaunin Marra can hagu cikin hazo, abin da ya fara kama ni shi ne ƙasar kanta. Kaka ce. Gero ya nuna, dawa ta sunkuya, ga gawo da aduwa da goriba jere a bakin busassun ƙoramu. Wanda aka rufe wa ido aka sauke nan zai rantse tsakanin Gumel da Maigatari yake. Sai dai jefi-jefi za ka hango kangon ƙauye, bukkoki babu jinka, babu hayaƙi, babu akuya ko ɗaya, gonakin gefe sun koma saura. Waɗanda suka tsira daga ƙauyukan a lokacin suna sansanonin da suka kewaye Junaina: Ardamata, Kirinding, Dorti, Riyad. A 2003 yaƙin da ya tashe su ya fara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum 300,000 ne suka mutu, gwamnatin Khartum ta ce 10,000.

Sansanin sojojin gari ne guda da aka gina da yashi da waya. Ganuwarsa manyan kwandunan ƙarfe ne da aka ɗura wa ƙasa, waya mai ƙaya a sama, hasumiyar gadi a kowace kusurwa. Ciki layin kwantenoni ne da tantuna da tankunan ruwa da fararen motocin sulke, ga janareta da ba ya shiru dare da rana. Akwai masallaci, akwai coci, duka na kwano da katako. Waɗanda suka gabata ne suka gina, kowace bataliya ta zo sai ta ƙara wani abu, wannan ta yi daɓe, waccan ta dasa darbejiya. Aka haɗa ni da wani saje, mutumin Zuru, dogo mai ƙarancin magana, wanda ya yi Laberiya kafin nan.

"Malam ɗan jarida," ya ce yana nuna mini gadona, "in faɗa ka zo gani, sai dai ka yi haƙuri. Aikin nan yawancinsa jira ne."

Haka kuwa na tarar. Agogon Sudan a lokacin yana gaban namu da awa biyu, kuma da yake Junaina tana can ƙuryar yamma, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 7. Ana sallamewa daga asuba sai fareti. Samanja ya ƙirga mutanensa, a raba aiki: wasu gadi, wasu sintiri, wasu rakiyar tankar ruwa, wasu rakiyar motocin abinci. Wanda ba ya kan aiki yana wanki ko yana goge bindiga, domin ƙurar wurin ba ta barin ƙarfe ya kwana biyu da tsabta. Likita yana bin kowa da ƙwayar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, kuma a makonnin nan cutar shawara ta ɓarke a Darfur, har ni sai da aka duba katin allurata. Da la'asar a buga ƙwallo a fili mai tsakuwa, da dare a taru gaban talabijin ko a kewaye ƙaramar rediyo a ji sashen Hausa na BBC ko Muryar Amurka. Hausa da turancin buroka su ne harsunan layi, Bayarabe da Tibi da Babur duk da su ake hira. Gobe ma haka, jibi ma haka, har wata shida, in jirgin canji bai yi latti ba, kuma yakan yi.

Na samu gurbi a motar sulke ranar da aka fita rakiyar masu itace. Wannan aiki asalinsa da ɗaci. Mutanen sansanin gudun hijira suna karɓar hatsi daga hukumar abinci ta duniya, amma sai sun nemo abin dafa shi, shekaru tara na sara kuma sun share duk itacen da ke kusa. Dole a yi nisa. In namiji ya fita ana iya kashe shi, in mace ta fita ana iya yi mata fyaɗe, sai iyalai suka zaɓi aika mace, domin ita ana sa ran za ta dawo da rai. Muka bi bayansu a hankali, su da jakuna da gatura, mu cikin ƙarfe mai zafi, kowa da rigar sulke da shuɗiyar hular kwano. Da aka isa, sojoji suka bazu a gefen daji suka tsaya. Tsayuwar ke nan har rana ta take. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba, da yamma aka rubuta a rahoto cewa babu abin da ya faru. A ganina wannan layi guda shi ne amfanin zuwansu, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga matar da ta koma rumfarta lafiya da dami a kan jaki. Abin da ke ci musu rai, in ji wani laftanar, shi ne sauran ranakun da babu rakiya, da ƙauyukan da shingen jami'an tsaron ƙasar ke hana su isa, da jirage masu saukar ungulu da rundunar ta yi ta roƙo tun zamanin Agwai ba ta samu yadda take bukata ba.

A hanyar komawa hira ta ɗauke a motar lokaci guda. Saje ya nuna mini wani wuri da haɓarsa ya ce, "Nan ne." Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Tsofaffin cikinsu suna haɗa ranar kwanton ɓaunan da wata da ta riga ta: 29 ga Satumba 2007, cikin azumi, lokacin da 'yan tawaye suka afka wa sansanin Tarayyar Afirka a Haskanita, masu kiyaye zaman lafiya 12 suka mutu, yawancinsu 'yan Najeriya.

Tun bayan harin 2 ga Oktoba an taƙaita shiga gari, amma na samu na bi masu cefanen sallah zuwa kasuwa. Junaina fadar sarkin Masalit ce, kimanin kilomita 30 daga Adre da ke kan iyakar Chadi, ga lambunan mangwaro a bakin ƙoramar Kaja. Ta nan tsohuwar hanyar alhazan ƙasa ta bi: daga Kano a ratsa Barno, a bi ta Abeshe, a shigo Junaina, a wuce Fashir da Al-Ubayyid har bakin Bahar Maliya. Da yawa ba su ƙarasa ba, da yawa kuma sun ƙarasa amma ba su koma gida ba. Wasu sun bi ayarin Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903, har yau garin da ya kafa yana nan kusa da Sinnar. Mutanen Sudan suna ce musu Fallata ko Takarir. A layin masu nama na tarar da ɗaya daga cikin jikokin irin waɗannan matafiya, dattijo mai gasa agashe. Da ya ji sallamarmu sai ya ajiye wuƙa.

"'Ya'yana, kun zo? Yaya haƙuri?" ya ce da sojojin, da Hausarsa mai haɗe da Larabci.

Kakansa ne ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya tsaya noma a nan don ya tara guzuri, aure ya riƙe shi. Shi dattijon bai taɓa ganin Kano ba. Saje ya gaya mini cewa bayan harin, da kansa ya tako har ƙofar sansani tare da wasu dattawan unguwarsu suka yi ta'aziyya. A wurin matansu ne sojoji ke sayen busasshiyar kuɓewa da barkono da geron kunu.

Abinci ba ya yankewa a sansani. Ɗan kwangilar Majalisar Ɗinkin Duniya yana kawo shinkafa da taliya da daskararrun kaji da madara, kukun bataliya ya dafa. Amma leƙa ƙarƙashin kowane gado ka gani. Akwai jaka ko bokiti mai murfi da aka ɗauro daga gida: yaji, kuka, daddawa, ƙuli-ƙuli, garin rogo, busasshen kifi, dambun nama. Kowane ƙulli da hannun da ya ɗaura shi. Wani kurtu ya buɗe mini gwangwanin yajin da mahaifiyarsa ta daka masa, saura kaɗan a gindi, ya ce da ɗan yatsa yake ɗiba yanzu don ya kai shi ranar tafiya. Duk wanda ya je hutu ko jinya ya dawo, da saƙon mutum ashirin yake dawowa, kuma ba a jin kunyar roƙonsa.

Sai waya. In aka idar da isha'i a Junaina, a gida magariba ce, yara sun dawo, an gama girki. A wannan sa'a ce sansanin ke watsewa zuwa wani tudun ƙasa bayan tankunan ruwa, inda layin Zain da MTN da Sudani suka fi kamawa. Mutum talatin, arba'in, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, yatsa a kunne ɗaya, waya a ɗayan. Daga gida filashin ake yi, daga nan a kira. Majalisar Ɗinkin Duniya tana ba kowane soja dala 1.28 a rana a hannunsa, kusan naira 200 a canjin lokacin, kuma kusan duka a katin waya take ƙarewa.

Na zauna a gindin tudun nan dare bayan dare, kuma abin da na ji ya sauya mini fahimtar wane ne ke cikin haɗari. Shekarar 2012 ba ta yi wa gida daɗi ba. Wani kofur mutumin Numan yana ta kiran yayansa a kan gonar mahaifinsu, wadda ruwa ya shanye bayan an saki madatsar Lagdo ta Kamaru. Ambaliyar shekarar ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu, in ji hukumar agajin gaggawa ta ƙasa. Wani yaro ɗan Potiskum, wanda wannan ce fitarsa ta farko, ya ce tun da aka ƙona turakun waya a garuruwansu cikin Satumba, sai ƙanwarsa ta fita bayan gari kafin ya ji muryar mahaifiyarsa. Wani las kofur an yi masa haihuwa yana nan. Mahaifinsa ne ya yi wa jaririn huɗuba, ranar suna aka kara masa waya ya ji maroƙi yana faɗar sunan, har yanzu a hoto kawai ya san ɗansa. A asibitin sojojin Najeriya da ke sansanin na haɗu da wata ma'aikaciyar jinya, ita ma soja, wadda ta bar 'yarta da ba ta daɗe da yaye ba a hannun mahaifiyarta. Ta ce da farko yarinyar kuka take yi in ta ji muryarta, yanzu kuwa sai an lallashe ta take karɓar wayar, kuma wannan ya fi kukan ciwo.

Duk da haka, in ka kasa kunne, kalma ɗaya ce ke yawo a tudun: lafiya lau. Na tambayi Saje ko ya gaya wa maiɗakinsa abin da ya gani daren harin.

"Da ta kira, ce mata na yi muna kallon ƙwallo," ya ce. "In na faɗa mata, me za ta yi da shi? Ita ga yara huɗu."

Limamin bataliya ya ce mini shi da fasto rabin aikinsu ba wa'azi ba ne, sasanta abin da ya taso daga waya ne: kuɗin makaranta, surukar da ta saka baki, jita-jitar da wani ya kawo a kan matar wani. Sojan da hankalinsa ya koma gida, in ji shi, ba a sa shi gadin dare, domin idonsa a buɗe yake amma ba ya gani.

Sallah ta kama ranar Juma'a, 26 ga Oktoba. An haɗa kuɗi an sayo raguna, irin na Sudan masu dogayen ƙafafu da doguwar jela. Tun daren jajibere Kiristocin bataliyar suka karɓe duk wani gadi da sintiri na ranar ba tare da an roƙe su ba. Ranar Kirsimeti za a rama musu. Aka yi idi a filin fareti, wasu da kaftanin da ya kwana wata da watanni a gindin jaka, wasu da kaki. Liman ya yi addu'a ga waɗanda aka rasa da marayun da suka bari, na ga manyan maza suna share fuska da hula. Aka yanka, aka ware kaso aka aika sansanin 'yan gudun hijira mafi kusa, sauran aka soya, kowa ya ci, mai salla da mai zuwa coci.

Saje bai zauna cin nama ba. Layyarsa tana gida. Tun watan jiya ya sa uwargidansa ta sayi rago, ya wakilta ƙanensa ya yanka. Sai da ya lissafa an sauko daga idi a can, wajen ƙarfe 11 a agogon Junaina, sannan ya hau tudu. Ina daga nesa ina jin sa yana tambaya ko an kai wa maƙwabta, ko an ajiye wa Inna ƙauri, ko ɗinkin autar ya yi mata daidai. Ya sauko yana murmushi, wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba, ya ce, "Malam, yanzu na yi sallah."

Ranar Lahadi, 28 ga wata, ana fitowa daga coci labari ya iso cewa ɗan ƙunar baƙin wake ya kutsa da mota cocin Saint Rita a Kaduna ana tsakiyar ibada. Ba a jira dare ba. Tudun ya cika da tsakar rana, masu dangi a Kaduna suna ta danna lamba, layi yana ƙin shiga. Mutane ne da bindiga a kafaɗa, an turo su tsaron 'ya'yan wasu, nasu kuma babu abin da za su iya yi musu sai kira.

Ba zan ɓoye maganar kuɗi ba, domin su ma ba sa ɓoyewa. Kusan kowane kurtu yana da ɗan littafin lissafi: fuloti, bulo, bandir ɗin kwano, sadaki, kujerar Makka ga tsohuwa, Keke Napep ga ƙane. Albashin bariki ba ya gina gida, alawus ɗin fita waje ne ke ginawa, shi ya sa ake rububin shiga jerin masu tafiya duk da an san ana mutuwa. A lokacin Majalisar Ɗinkin Duniya tana biyan dala 1,028 a wata a kan kowane soja, amma ga gwamnatin ƙasarsa take biya, ita kuma ta sallami sojanta bisa tsarinta. Babu wanda ya manta da Akure, inda a 2008 sojojin da suka dawo daga Laberiya suka tare hanya a kan alawus ɗinsu, kotun soja ta yanke wa 27 ɗaurin rai da rai a 2009, daga baya aka mayar da shi shekara 7. In ana wannan hira murya ƙasa-ƙasa ake yi. Ni dai ra'ayina, mutumin da aka tura ya tsaya a rana da rigar sulke saboda sunan ƙasa bai kamata ya kwana yana tunanin ko haƙƙinsa zai iso shi cikakke ba.

Da zan taho, jakata ta fi ta zuwa nauyi. Wasiƙu, turaren wuta na Sudan, lalle, mayafai, 'yan daloli a ambulan da suna a baya. Saƙon nan ne ya kai ni barikin da yawancinsu suka fito, kuma a can na ga ɗaya rabin aikin.

Magajiyar bariki, shugabar matan kurata, ita ta karɓe ni, mace mai jiki da murya, mijinta ya yi Saliyo da Laberiya da Darfur. Ta sa aka kira matan layi-layi. Ta ce ranar 3 ga Oktoba babu tukunyar da ta hau wuta a barikin. Kowa ta san yadda ake kawo irin wannan labari: mota ce ke shigowa da hafsa da liman ko fasto. Saboda haka mata suka fito ƙofar ɗakunansu suka zuba wa hanya ido, duk motar da ta shigo sai an bi ta da kallo har a ga inda za ta tsaya. Ita kuma ta yini tana zagaye tana kashe jita-jita, domin kafin azahar an riga an kashe mutum goma da baki.

Sauran ranaku aikinta ba ya ƙarewa. Ita ke riƙe adashi. Ita ke raka mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ta tsaya a madadin dangin da ke nesa. Ita ke shiga tsakani in dangin miji sun zo da bukata, domin a ƙauye an ɗauka wanda ya tafi waje dala yake shara, matarsa ce ta hana. Yawancin matan suna da abin yi, wata tana da rumfa a kasuwar mami, wata tana saƙa, wata tana sayar da ƙanƙara, da shi ake cike giɓin wata. Abin da ya fi damunta shi ne takardar magaji. Ta ce yaro zai shiga soja yana saurayi ya rubuta sunan yayansa, ya yi aure ya haifi 'ya'ya bai canza ba. In ta Allah ta kasance, diyyar Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta kai dala 70,000 a lokacin, da sauran haƙƙoƙinsa sai su bi sunan da ke takarda, ɗakin bariki kuma na mai aiki ne, bayan ɗan lokaci dole a tashi.

"Ɗana, ka rubuta wannan," ta ce. "Duk wadda mijinta zai tafi, ta sa shi ya duba takardar nan kafin ya hau jirgi. Ba fatan mutuwa ba ne."

Uwargidan Saje ta karɓi saƙonta da hannu biyu, ta kawo mini ruwa da soyayyen naman sallah da ta ajiye. Ta fito da wani littafi ta nuna mini: bulo nawa aka buga, nawa aka ba magini, nawa ya rage a kai linta. Ita ke zuwa fulotin da kanta duk Asabar. Na ce mata maigidan yana yaba ƙoƙarinta, kuma yana cikin ƙoshin lafiya.

"Malam, na san ba ƙwallo yake kallo ba ran nan," ta ce. "Na ji a muryarsa. Ni ma a asibiti nake da autarmu, an sa mata ƙarin ruwa, na ce masa tana makarantar allo. In ya dawo ma faɗa wa juna."

Ya dawo, amma bai daɗe ba. Ranar 14 ga Mayu 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Barno da Yobe da Adamawa, a Yuli kuma Najeriya ta sanar da Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za ta janye har bataliya biyu daga Darfur, ta kuma rage sojojinta a Mali, saboda ana bukatarsu a gida. Saje yana cikin waɗanda aka tura Barno. Kwanaki kaɗan bayan kafa dokar aka katse layukan waya a jihohin uku, Barno kuma ta shafe watanni a haka. Da na kira uwargidansa cikin damina in gaishe ta, ta ce ginin ya kai linta, saura rufi. Ta ce lokacin da yake Sudan kullum sai ta ji muryarsa, yanzu kuwa sai dai ɗan guntun takarda in an dace da direban da ya fito daga Maiduguri, kuma ta ƙarshe da ta samu tun kafin azumi ce. Ta tambaye ni ko a cikin 'yan jarida akwai mai shirin zuwa can, tana da yaji da ƙuli-ƙuli da take so a kai masa.